Ɗan Gurbin da Muka Bar wa Keken Malam

Assalamu alaikum masu karatu. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakacina abin da zan yi salla da shi. Matar ɗana ce ke riƙe da biro, ni kuma bakina ke tafiya, kuma na ce mata kada ta gyara mani magana, yadda ta fito haka za ta ajiye ta.

A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce da ake shakkar bakinta. Gindin hasumiyar Gobarau aka yanke mani cibiya, aure ya kai ni Ƙofar Durbi, kuma ni ce mai guɗar unguwarmu. Ba a kai amarya ba ni, ba a fito da jariri ranar suna ba ni. In na kama hanci na rangaɗa, mata cewa suke har Ƙofar Marusa ana jiyowa, ni kuwa ban taɓa ƙaryata su ba. Samarin unguwa Inna suke ce mani, har waɗanda suka tara gemu, don da yawansu ni na raka uwayensu ɗakin miji. Maigidana, Malam, tela ne a kasuwa, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Yana da baƙin keke irin na da, wanda yake gogewa kowace safiya kafin ya karya kumallo, har nakan ce mashi da keken nan na cin tuwo, shi za a fara zuba wa.

Hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu a da turɓaya ce. Da aka zo aka shimfiɗa mata kwalta muka yi ta murna, ashe ajali aka shimfiɗa mana. Motoci da 'yan acaɓa suka mai da ita filin tsere. Da farko awaki ne, kullum sai an ja mushe gefe. Daga baya wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta dawo daga niƙa da ƙwarya a kai, mai babur ya kwashe ta, ƙugunta ya karye, ba ta sake takawa ba har ta koma ga Allah. Na tara mata muka je wurin mai unguwa. Ya ce mu yi haƙuri, ya kai magana sama, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, su ke da awo da fenti da allon gargaɗi. Na ce mashi ranka ya daɗe, kafin sama ta amsa, mu na ƙasa mun ƙare. Daga nan ban zame ko'ina ba sai majalisar samari, inda suke zaune kan benci suna shan shayi. Na tambaye su ko akwai sauran maza a unguwar nan, ko kuwa mu kwance zannuwanmu mu ba su, su ba mu wandunan. Wani ya ce haba Inna, da zafi haka? Na ce zafin na gaba, ranar da za a kawo mashi uwarsa cikin tabarma.

Maganar ta ci su. Kafin mako ya zagayo sun samo siminti da tsakuwa, suka ɗauko wani magini ɗan unguwa, aka gicciya tudu a kan titin daga wannan baki zuwa wancan, don mai gudu ya rage. Ina tsaye kansu da hannu a ƙugu. Maginin ya ce tsayin ya isa haka, na ce ya ƙara, ina so mai gudu ya ji a haƙarƙarinsa. Ya ce to a nemo farin fenti don a riƙa hangowa daga nesa, na ce wanda Allah ya ba idanu ba ya buƙatar fenti. Ana cikin aikin Malam ya fito da kekensa, ya tsaya ya duba, ya ce cikin sanyin nan nasa, wato yanzu da tsufansa kullum sai ya sauka ya ɗaga keke a ƙofar gidansa. Nan girman kai ya motsa mani. A ce ni na sa a yi abu, kuma mijina ya wahala da shi? Na ce da maginin ya bar ɗan gurbi a bakin titi ta ɓangarenmu, daidai faɗin da keke zai wuce, dab da lambatu. Ya ɗago kai ya ce Inna, ruwa ma in ya ga kafa nan yake bi, balle mai mota. Na tambaye shi ni na ga haihuwarsa ko shi ya ga tawa. Ya bar gurbin. Samari suka sa mashi suna hanyar Malam, ni kuwa in na ji sai kaina ya ƙara girma.

Abin da maginin ya faɗa shi ya faru. Tayoyi suka goge simintin ya yi baƙi ya saje da kwalta, baƙo ba ya ganinsa sai ya zo kansa. 'Yan gari kuwa sun gano gurbin. Mai acaɓa ba ya rage gudu, sai dai ya karkato ya bi ta nan. Mai mota ma ya ratso gefe ya sa taya ɗaya a ciki don kada cikin motarsa ya gogu. Wato duk abin hawan da da yake tsakiyar titi, mun jawo shi bakin hanya, inda mai ƙafa da mai keke suke bi. Malam da kansa ya ce mani a cike wurin nan, gara ya riƙa sauka. Na ce sai a ce na yi magana biyu? Bari dai a ga bayan salla.

Wata ranar Alhamis bayan La'asar ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji ƙarar birki, sannan wani irin sauti kamar an jefar da tukunyar ƙarfe kan dutse. Na fito ba takalmi. Keken na gani da farko, ya lanƙwashe ƙarƙashin wata ƙaramar farar mota, tayar baya na ta juyawa. Malam yana kwance rabin jikinsa cikin lambatu, cinyarsa ta karye, ƙashi ya huda wando ya fito fari fat, jini na tsartuwa kamar an yanka rago. Mai motar, wani magidanci da ba ɗan unguwarmu ba, bai ga tudun ba sai da ya zo kansa, ya kauce zuwa gurbin, Malam kuwa yana ciki. Abin da nake so ku riƙe shi ne mutumin nan bai gudu ba. Ya fito yana salati, ya buɗe ƙofar baya, ya cusa hannuwansa ƙarƙashin hamatar Malam yana jawo shi, yana roƙon wani ya kama mashi ƙafafu su tafi asibiti. Da idona na ga haka. Amma da na ga jinin, sai na ɗora hannu a kai na kurma ihu da muryar nan da Allah ya ba ni, ina cewa ya kashe mani miji, jama'a ya kashe Malam.

Ban taɓa ganin mutane sun taru da sauri irin na ranar ba. 'Yan acaɓa suka yi ta jingine babura, samarin majalisa suka taso da bencinsu, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi. Wani ya finciko mutumin ta wuyan riga, Malam ya suɓuce daga hannunsa, kansa ya bugu da bakin lambatu. Suka rufe shi da duka. Mari, naushi, ƙafa, sannan katako. Ina jin yana cewa ku yi wa Allah ku bari in kai shi, in na dawo ku kashe ni, wani ya ce mashi lahira zai kai shi, ya sauke mashi ƙafar benci a fuska. Na ga bakinsa ya fashe, haƙora sun zubo kan kwalta. Wasu suka koma kan motar da duwatsu, gilasai suka tarwatse, aka soke tayoyi da wuƙa. Wani yaro mai sayar da fetur a galan ya ga an fizge galan ɗinsa an kwarara a kan kujerun. Ashana ɗaya, wuta ta tashi sama da katangar gidanmu. Motar da ƙofarta ke buɗe tana jiran Malam, ita ce ke ci.

Ni ina durƙushe cikin lambatu, na kwance kallabina na ɗaure cinyar, jini ya jiƙe shi, na ƙara da mayafi, shi ma ya jiƙe. Malam ya buɗe ido ya kama hannuna, ya ce in hana su, bawan Allah nan ya tsaya, kada a kashe shi a kansa. Na miƙe na yi ta ihu ku bari, ku zo ku ɗauki Malam, ku nemo mota. Muryar da ta tara su ta kasa raba su. Ba wanda ya waiwayo. Masu keke Napep da suka hango hayaƙi da taro juyawa suke tun daga nesa, kowa na tsoron kada a haɗa da nasa. Da na ga wani ƙato ya ɗago bulo da hannu biyu zai sauke a kan mutumin, sai na kutsa cikinsu na faɗa kansa na rufe shi da jikina. Bulon a kafaɗata ya sauka, har yau hannun nan ba ya ɗaguwa sama da ƙirjina. Wani ya yi ƙara ya ce kai, Inna ce, Inna ce! Sai suka ja da baya suna huci, suna kallon hannuwansu kamar ba nasu ba. Na ce masu Allah ya isa, ga ubanku can yana zubar da jini kuna nan kuna farauta.

A kurar wani ɗan garuwa aka ɗauke su, aka zubar da jarkokin aka kwantar da su biyun gefe da gefe, jininsu na haɗuwa yana ɗiga ta tsakanin katakai. Haka aka tura su har mararraba kafin a sami abin hawa. A cikin abin hawan kan Malam na kan cinyata, yana ta maimaita kalmar shahada, muryar na yin ƙasa. Kafin mu shiga ƙofar asibiti ya cika. Likitan da ya duba shi ya ce karayar ba ta kisa ba ce, ana ɗora irinta kullum, jini ne ya ƙare mashi a hanya. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma na san kuma sababin da aka bi.

'Yan sanda suka zo suka kwashi samari, wasu sun daɗe a tsare, uwayensu da na yi wa guɗa suka daina amsa gaisuwata. Aka fasa tudun, daga baya ma'aikata suka zo suka yi wani mai faɗi, marar tsayi, daga baki har baki, da farin fenti da allo. Ina cikin takaba wata dattijuwa sa'ata ta yi sallama, ta zauna bakin tabarma ta yi mani gaisuwa yadda ya kamata. Sai da ta gama ta ce ita ce mahaifiyar mai motar. Ya rayu, amma ido ɗaya ya tafi, kuma muƙamuƙinsa a ɗaure yake da waya. Shi ya aiko ta ta tambaya ko tsohon ya yafe mashi. Na faɗa mata abin da Malam ya ce a cikin lambatu, muka yi kuka tare. Da za ta tafi ta tsaya bakin zaure ta ce, 'yar'uwa, ba za ta ɓoye mani ba, ta tara sauran 'ya'yanta maza ta yi masu rantsuwa da nonon da suka sha, duk wanda tsautsayi ya sa ya buge mutum kada ya tsaya, ya taka mota ya gudu. Na buɗe baki in ce mata ba daidai ba ne, na rasa da wane baki zan faɗa.

Shi ya sa na ce a rubuta wannan. Ku masu tuƙi, titin cikin unguwa tsakar gidan mutane ne, da tsoho da yaro da mai keke duk nan suke bi, ku rage gudu ko ba tudu. Ku 'yan unguwa, in hanya ta dame ku, ku yi ta sintiri wurin masu aikin har su gaji da ganinku, kada ku gina abin da ba ku san awonsa ba, kuma kada a yi wa kowa alfarma a kan titi, ko mijin wace ce. Ku kuma matasa masu zafin hannu, duk direban da kuka daka, kun koya wa goma gudu, kuma wanda za a bari kwance gobe mai yiwuwa naku ne. In kun ga mota ta buge mutum, mai ita ya fito ya kama kafaɗunsa, ba wuyan rigarsa ake kamawa ba. Ƙafafun na ƙasa ake kamawa a sa shi a mota. Shari'a tana iya jira har gobe, jini ba ya jira.

Allah ya jiƙan Malam, ya ba wancan bawan Allah lafiya, ni kuma ku sa ni a addu'a.