Ranar da Reza Ta Ci Furen Inna

Ranar Larabar da ta biyo bayan Sallar layya, shekarar da na shiga aji huɗu a Fakku, na dawo daga rijiya na tarar da mahaifiyata, Inna Hajo, zaune a gindin rumbu, farin mayafi a cinyarta, reza a hannunta. Kilishin layya na shanye bisa igiya, tumaki na tsintar dusa, ƙawayena suna kirana carafke daga bayan danga. Ban tafi ba, domin na ga abin da ban taɓa gani ba: Inna tana laluben fure da yatsa kafin ta yanka.

Leshi iri uku take yi da hannu, kuma a jere take koyar da su. Na farko saƙar kwarashi: zare ɗaya, madauki cikin madauki, har a samu bakin rigar matashin kai ko marufin kwano. Na biyu na raga: a zare wasu zaruruwa daga jikin yadi, a ɗaure waɗanda suka rage ƙulli-ƙulli. Na uku na huji, shi ne babba: a zana fure, a daje gefensa da allura, sannan a fitar da cikinsa da reza. Ba a taɓa shi sai an gama surfe, an share gida, an wanke hannu har gwiwa. Kullum takan ce, "Ɗinki kahin yanka, ɗiyata. Wanda ya gaggauta, tsumma shika kai kasuwa." Na iya na farko, na fara na biyu, ina jiran na uku.

Mayafin na wata amarya ne a Dogon Daji, kuma da aikin huji aka san Inna a ƙauyukanmu. Yanar ido ta daɗe da fara rufe mata gani, amma ta ɓoye wa kowa. Ɗinkin ta gama shi da lalube, ya yi kyau. Yanka kuwa ido yake so. Ina kallo rezar ta zame ta ci dajiyar, furen ya buɗe ya zama rami, Inna ta wuce na gaba ba ta sani ba, shi ma ta cinye shi. A gidanmu ba a gyara wa babba aiki, amma na durƙusa na faɗa mata. Ta shafa wurin da babban yatsa, sannan ta ce, "Ke kika gani, ni ban gani. Ninke shi."

Kawuna ne ya kai mayafin da ban haƙuri. Daga ranar Inna ba ta sake ɗaukar reza ba. Kwarashi kaɗai ta riƙe har ta rasu, don shi yatsa ke gani. Na roƙe ta ta koya mini huji ko da baki ne, ta ƙi. Ta ce ba ta koyar da abin da ba za ta iya dubawa ba.

Yau a kasuwar Tambuwal leshi ya cika rumfuna: mai duwatsu, mai igiya, mai raga, duk na inji, hujinsa ɗaya babu kuskure. 'Ya'yana suna zaɓa a waya, ba su taɓa tambayar wa ya yi ba. Ni kuwa nakan juya bayan yadin ina neman inda hannu ya ƙulla zare, ba na samu. Karatuna ya tsaya a na biyu, malamar ta tafi da na uku.