Ƙwayar da Labo Ya Hana Taubashinsa

Labo mai amalanke ba ya cin komai shi kaɗai. Duk Bazaga an san shi da haka: goro ɗaya sai ya fasa shi uku, ruwan gorarsa kuwa na duk wanda ya hau amalankensa ne. Da ciwon daji ya kama shi a huhu har ya bazu, jakinsa ya yi damina guda a ɗaure.

A wani asibiti a Yamai aka ɗebi ɗan naman ciwon aka auna. Likita ta ce masa akwai sabon magani da aka soma gwadawa a jikin mutane, ba ya aiki sai a kan ciwo mai wata alama, kuma nasa yana da ita. Ba ta yi masa alkawarin warkewa ba. Ta ja kunnensa cewa ƙwayar tasa ce shi kaɗai. In ya ba wani za a cire shi daga gwajin, wancan kuma tana iya yi masa lahani.

Kafin a gama yankan gero tari ya lafa. Ranar kasuwar Konni sai ga Labo bisa amalanke da buhunan wake, yana daka wa jaki tsawa. Mata suka rangaɗa guɗa, ƴan kabu-kabu suka rako shi har bakin kasuwa suna ihu.

Washegari taubashinsa Iliyasu ya zo, ya rame, ga kumburi a wuya. Ya zauna ya miƙo hannu yadda ya saba miƙowa in ya ga goro.

"Bawana, ɓallo mini rabi."

Labo ya ciro kwalbar ƙwayar, har ya buɗe. Tun suna yara bai taɓa hana Iliyasu komai ba. Shatu, matar Labo, ta dakata da daka tana kallonsa. Ya dubi wuyan Iliyasu, ya tuna gargaɗin likita, ya mayar da murfin.

Iliyasu ya ce ashe samun lafiya ke koya wa mutum rowa.

"Rabi ina zai ishe ka, da cikin nan kamar rumbu?" in ji Labo. "Tashi mu tafi a auna naka."

Nan take ya ɗaura wa jaki amalanke, ya shimfiɗa tabarma, suka nufi tashar Konni don su hau motar Yamai. Iliyasu yana kwance yana ta yi masa gorin rowa, Labo yana dariya har da tari kaɗan. A hanya ya fasa goro, ya miƙa masa ɓari mafi girma.