Adda Zulaihatu, Mai Duba Gindin Memori

Shafi dubu ɗaya da ɗari biyar da tamanin da shida na kundin sakamakon jarrabawar wata makarantar sakandare da aka ƙone a arewacin Adamawa suna nan, ana karanta su. Matar da ta tsirar da su, Zulaihatu Umair, wadda kowa a unguwar Limawa ke kira Adda, ta yi aikin ne a watan Nuwamba na 2014, a wani ɗan shagon buga takardu a Jimeta. A ƙarshen watan nan za ta miƙa makullin shagon bayan shekara ashirin da biyu, saboda ido ya fara yi mata gardama. Ba a taɓa ba ta lambar yabo ba, ba ta kuma taɓa nema ba.

Kullum ƙarfe bakwai take fitowa daga gidanta a unguwar Bako ta Yola, ta hau keke zuwa Jimeta. Ta share shago, ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta ajiye littafi mai layi da biro a hannun dama. Littafin ya fi kwamfutar shan aiki. Duk wanda ya kawo waya ya ce a juye masa kayan ciki, ba ta sa hannu sai ta yi tambaya biyu: guda nawa ne, kuma nawa ne nauyin kowanne? Sai ta ninka a takarda, mai kaya yana kallo.

Mahaifiyarta shinkafa take sayarwa a kasuwar Yola, kuma da ma'aunin uwar take koyar da mutane. Harafi ɗaya, in ji ta, ƙwaya ɗaya ce, sunanta baiti. Ƙwaya dubu ɗaya da ashirin da huɗu, kilo. Kilo dubu ɗaya da ashirin da huɗu, mega, mudu ke nan. Mega dubu ɗaya da ashirin da huɗu, giga, shi ne buhu. In za ka hau sama, ka raba. In za ka sauko, ka ninka. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya taɓa katse ta, ya ce shekararsa arba'in a kasuwa bai ga buhun da ke cin mudu dubu ba.

"Bappa, wannan buhun masu waya ne," ta ce. "Ba a ɗora shi a jaki."

Daga wurin uwar kuma ta ɗauko ɗabi'ar da aka fi saninta da ita. A kasuwar hatsi akwai mudun da ake buga wa gindi ya shige ciki, a ido mudu ne, a awo bai kai ba. Don haka duk sabon memori, wato katin ajiyar kayan waya, da ya shigo hannun Adda, ba ta yarda da lambar da ke jikinsa. Sai ta ɗura masa kayan gwaji har wuya, ta buɗe su ta ga ko sun dawo yadda suka shiga. Abin yakan ci awa biyu. Masu gaggawa sun sha yin tsaki su tafi.

Obiageli Anayo, mai sayar da caja da memori a shagon da ke jikin nata, tana da nata labarin. Wani direba ya sayi memori mai giga talatin da biyu, ya sa a kwamfuta, ya ga ashirin da tara da ɗigo takwas. Ya dawo tare da mutum uku.

"Adda, abeg zo ka gani," Obiageli ta leƙo. "Wannan mutum ya ce na sata giga biyu. Ina zan ɓoye shi, cikin zani?"

Adda ta fito da littafinta. Ta nuna wa direban cewa kamfani da dubu cif yake ƙirga, kwamfuta kuwa da dubu da ashirin da huɗu. Hatsin ɗaya ne, mudun ne ya bambanta. Ta raba baiti biliyan talatin da biyu da dubu da ashirin da huɗu har sau uku a gabansa, ta fito ashirin da tara da ɗigo takwas. Direban ya ce to ai da an faɗa masa. Bayan mako guda ita dai Adda ta gwada wani kwalin memori da aka kawo wa Obiageli, ta ce mata rabinsu masu bugaggen gindi ne, ta mayar wa dila. Obiageli ta yi kwana biyu ba ta gaishe ta ba, a rana ta uku ta mayar da kwalin.

Da garuruwan arewacin jihar suka watse saboda hare-haren 'yan tayar da ƙayar baya a 2014, Jimeta ta cika da baƙi. Cikinsu akwai Malam Hosea Apollos, shugaban wata makarantar je-ka-ka-dawo a ƙauyensu. Kwana uku kafin su gudu, shi da matarsa suka buɗe kundayen makarantar shafi bayan shafi, ya ɗauki hoton kowanne da wayarsa: hoto dubu ɗaya da ɗari takwas, sakamakon ɗalibai na shekara goma sha tara. Bayan fitarsu aka banka wa ofishin wuta. Duk wanda ya gama makarantar nan kuma takardarsa ta ƙone a gida, shaidar karatunsa tana cikin aljihun Malam Hosea.

Wayar ta tsage, batirinta ya kumbura. A hanya ya sayi memori a hannun wani mai talla, an rubuta giga goma sha shida. Ya riga ya kwashe hoto ɗari bakwai da ashirin zuwa ciki, ya goge su daga wayar don ta numfasa. Ya zo shagon Adda da buƙata ɗaya: ta ƙarasa kwashe sauran, ta goge wayar, ya huta.

Ta tambaye shi guda nawa ne. Ta duba nauyin hoto ɗaya, mega biyu. Ta ninka: mega dubu uku da ɗari shida, giga uku da rabi ke nan.

"Kin gani," ya ce. "Sha shida zai haɗiye su ko ƙoshi bai yi ba."

"In sha shidan ne, Malam."

"A jiki aka rubuta."

"A jikin mudu ma ba a rubuta an buga gindinsa."

Ya ce akwai layin karɓar abinci da zai bi, ba shi da awa biyu. Ta ce to ya je, ya bar wayar, ba za ta goge ko hoto ɗaya ba sai ta ga abin da ke cikin memorin. Bai tafi ba. Ya zauna a benci, ta fara buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗari ya buɗe, na ɗari uku ya buɗe, na ɗari biyar da shida ya buɗe. Na ɗari biyar da bakwai suna ne kawai, ciki babu komai. Haka har ƙarshe.

Ta jawo littafin. Ɗari biyar da shida sau biyu, mega dubu ɗaya da goma sha biyu.

"Giga ɗaya ne, Malam. Ya cika tun a nan. Duk abin da ka zuba bayan nan a ƙasa ya zube."

Malam Hosea ya ƙirga da yatsa a kan gwiwarsa. Shafi ɗari biyu da goma sha huɗu sun zube. Sannan ya tambaya, da ta yi abin da ya ce fa?

"Da dubu da tamanin ɗin da ke wayar sun bi su."

A ranar ta juye na wayar da waɗanda suka buɗe zuwa kwamfutarta, giga uku da ɗan ɗoriya, ta zuba su a faifai uku tunda kowane faifai yana cin fiye da giga huɗu. Ɗaya nasa, ɗaya nata, ɗaya ta ce ya kai wa wanda ba gari ɗaya suke kwana ba. Kwana goma sha ɗaya bayan haka wayar ta mutu, ba ta sake tashi ba.

Adda, ke ce mai awo kafin zubi. Ke ce kika tsaya a kan awa biyu a lokacin da kowa ke gudu. Ba ki san ko ɗalibi ɗaya cikin masu sunayen nan ba, amma kin buɗe shafukansu ɗaya-ɗaya kamar na 'ya'yan ɗakinku. Malam Hosea ya ce daga faifan nan an sake rubuta wa mutum fiye da ɗari huɗu shaidar kammala makaranta. Akwai ma'aikaciyar jinya a cikinsu, akwai malamai, akwai masu karatu yanzu a jami'a suna kwana a Sangere, kusa da jami'ar. Yawancinsu ba su taɓa jin sunanki ba.

Ita dai ba ta ɗauki abin da girma ba. In an tayar da zancen sai ta ce ninkawa ce ta aji huɗu. Abin da ya fi faranta mata shi ne masu sayar da memori uku a layinsu yanzu suna gwada kayansu kafin su sayar, kuma Obiageli kan ce wa mai saye, "Zauna, bari mu ga gindinsa." Ta ce a Bako akwai jikoki da 'yan awaki da ke jiranta, kuma duk mai lissafin giga ya san gidan.

Mun gode, Adda Zulaihatu. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa hutun ya yi daɗi. Masu shagunan waya da ke tasowa a Jimeta da Yola, abin koyin ba shi da tsada: a tambayi guda nawa, a ninka a takarda, kada a goge na asali sai kwafin ya buɗe.

Shafukan da suka zube na 'yan shekarar 2003 zuwa 2005 ne. Shekara goma ke nan Malam Hosea yana bin tsofaffin ɗalibai yana karɓar hoton duk katin sakamakon da ya tsira a hannun wani, Adda tana jerawa. Sun haɗa shafi sittin da ɗaya. A makon jiya wata mai suna Aminatu, 'yar aji na 2004, ta zo shagon neman shaidar da za ta kai wurin neman aiki kafin ƙarshen wata. Adda ta duba jerin sau biyu, ta rubuta lambar wayarta. Shafinta yana cikin ɗari da hamsin da ukun da ba a samu ba tukuna.