Kawu Sale da Agadas Ɗinsa

Duk wanda ya taɓa yin alwala kusa da Kawu Sale a masallacinmu na Garo ya san ba a gamawa lafiya. Kana fara zuba ruwa zai leƙo ta ƙarƙashin rawani ya ce, "Kai, kai, kai! A Agadas wannan da ka zubar gida guda zai sha, a yi girki." Shi da rabin buta yake tasa alwalar, a kan wani tsohon kwano, abin da ya taru ya kai wa bishiyar lemonsa.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, yayan mahaifiyata ne. Tun yana saurayi ya bi motar gero zuwa Agadas, can bakin hamada a Nijar, ya yi shekara da shekaru yana kai hatsi yana karɓo gishiri da dabino. Da ya dawo da furfura, gangar jikin ce kawai ta dawo. Buri ɗaya ya rage masa, ya sake ganin garin nan kafin yanar da ta fara hawa idonsa ta gama rufewa. 'Ya'yansa suka ce atafau ba inda za shi, ya tsufa. Sai ya huce a kanmu, ya mai da Garo Agadas ƙarfi da yaji.

"Gari ne ba gona," haka yake faɗa mana a zaure. "Baƙo shi ne gonarsu. Mai raƙumi ya sauka da gishiri, Buzu ya gangaro daga dutse da albasa, direba ya kwana zai wuce Libiya. Kowa sai ya ci, ya sha, ya gyara taya. Ku kuwa ruwa na zubo muku daga sama kyauta, kuna ta kukan babu!"

Saboda haka ba baƙon da ke wuce ƙofar gidansa. Wata Asabar wani dattijo ya tsaya a babur, ya yi sallama yana tambayar hanyar Dugabau. Kawu ya shimfiɗa masa buzu, ya hura gawayi.

"Alhaji, sauri nake yi."

"A Agadas ba a tambayar hanya sai an sha shayi uku. Zauna."

Shayin Kawu kuwa kun san shi, kofi ɗaya sai ya ci rabin hantsi, ana ɗagawa ana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Bawan Allah ya ji kunyar furfura ya zauna. Yana kan kofi na uku sai ga motocin 'yan ɗaurin aure suna dawowa daga Dugabau, ana ta rabon alawa. Ashe waliyyin ango ne! An jira shi an gaji, ƙaninsa ya karɓi auren. Mutumin ya dafe kai yana salati. Kawu ya ce, "To me ka rasa? Aure ya ɗauru, kuma ka sha shayi."

Sai zancen raƙumi. Ya sayar da shanun hudarsa ya sayo raƙumi, wai shi ne dabbar masu hankali. Huɗa dai ya yi, ba laifi. Amma raƙumin nan katanga ba ta dame shi ba. Ya zuro wuya ya cinye zogalen matar Kawu, Inna Hajara, ya share kukar da ta shanya a kan ɗaki, ya juya ya aske wa maƙwabci mangwaro. Ranar da ya ɗauke mata faifai da kuɓewa a kai, Inna ta fito da muciya a hannu.

"Malam, yau sai ka zaɓa. Ko ni, ko wannan dogon banzan!"

Kawu ya hau shafa gemu.

"Au, tunani ma kake yi?"

"Ina duba wanda ya fi shan ruwa ne a cikinku."

Kafin kasuwa ta zagayo dai raƙumi ya bar gidan, kuma Kawu ya yi mako yana cin tuwo ba man shanu.

Muna ta dariya, idon Kawu kuwa yana ta tafiya. Ranar da ya miƙa mini hannu ya kira ni da sunan wana, raina ya ɓaci ƙwarai. Na je na roƙi 'ya'yansa, na ce idan an yi hutun makarantar da nake koyarwa a Gwarzo ni zan kai shi in dawo da shi. Da ƙyar suka yarda. Tsakiyar damina muka tashi, ta Damagaram.

Agadas ta cika ta batse, ga babura, ga shagunan waya, ga samari masu zuwa haƙar zinariya. Kawu bai gane titi ko ɗaya ba. Na ja shi har gaban doguwar hasumiyar masallacin nan ta ƙasa da yake ba mu labari. Ya ɗaga kai ya daɗe. Ya ce, "Kamar inuwa nake ganinta. Amma ita ce."

A kasuwar hatsi wani tsohon Buzu ya miƙe daga kan buhu ya ƙwala kira, "Na-Garo!" Suka rungume juna. Da aka zauna shan shayi, tsohon ya dube ni ya ce, "Kai ma daga can kake? Wannan mutumin ya hana mu sakat shekara da shekaru! Mu ba shi dabino, ya ce ina rake. Mu nuna masa ayari, ya ce mu je Garo mu ga dawa ta fi raƙumi tsayi. In hadari ya taso ya watse, sai ya juya kudu yana share hawaye. Yaro, da gaske akwai kogi a tsakiyar garinku, har da jirgin ruwa?"

Na ce, "Jirgin ruwa, Kawu?"

Kawu ya ja rawani ya rufe har hanci. Ya ce, "Sha shayinka."

Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Ashe duk zamansa a can, mu yake kewa.

Ba mu yi mako ba ya ce in haɗa kaya. Na ce, "Kawu, duk rigimar nan da aka sha?" Ya ce, "Na gani ai. Yanzu dawa ta fara fitar da kai a gida, kuma idon nan ba jira na zai yi ba."

Da muka iso, bai yarda mun shiga gari ba sai da mai mota ya sauke mu a bakin gonarsa. Ya shiga cikin kunyoyin dawa yana shafa ganye da hannu biyu. Na tambaye shi ko yana gani. Ya ce, "Kore dai ina ganinsa." Bayan girbi idon ya rufe gaba ɗaya, bai kuma kai wata daminar ba.

Allah ya ji ƙan Kawu Sale, ya yafe masa, har da jirgin ruwan. Ya haskaka kabarinsa, ya saukar da shi a gidan da ba zai yi kewar ko'ina ba. Amin.