Ruwa Ya Tsaya a Gwiwa

Na daɗe ina son in faɗi wannan magana, kunya tana hana ni. Yanzu da furfura ta cinye gemuna, ban ga wanda ya rage da zan ɓoye wa ba, Allah kuwa ya riga ya sani.

A Jibiya aka haife ni, lokacin da Turawa ba su daɗe da kafa turakun iyaka tsakaninmu da ƙasar Maraɗi ba. Kakata ta wajen uba, Iya Gambo, tana zaune a wata 'yar bukka can ƙarshen gidanmu, kusa da turken awaki. Sunan mijinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Maigida take ce mini. In na shigo hannu wofi sai ta ce, "Wane irin miji ne wannan, ko ɗanyar gujiya babu? Gobe in kai ka ƙara wajen alƙali."

Iya zabiya ce tun ƙuruciyarta. Kakana kuwa ɗan kama ne, irin masu kwaikwayon mutane a kasuwa su ba da dariya. In an gama girbi sai su bi wasannin kalankuwa, daga Riko zuwa Daddara, zuwa Farfaru, har ƙauyukan Maraɗi. Shi yana wasa, ita tana waƙa, ƙanwarta Tasalla tana yi mata amshi. Wata rana a wata kasuwa ta can hayi, kakana ya kifa ƙwarya a ka, ya kwaikwayi tafiyar wani Baturen Faransa, kasuwa ta fashe da dariya. Dogarai suka yi masa bulala, suka rako su har turakun iyaka, suka ce ranar da aka sake ganinsu sai kurkuku. Tasalla tana da aure a can, can ta tsaya. Tafiyar wuni guda ce kawai, amma ba su sake haɗuwa ba. Kakana bai daɗe ba ya rasu.

Babana maɗinki ne, yana son a manta cewa shi ɗan maroƙa ne. Ya hana waƙa a gidansa. Tatsuniya kaɗai ya bari, don ba wanda ke zargin tsohuwa a kan tatsuniya. Sai Iya ta kwashe waƙoƙinta ta zuba su a ciki.

Da sanyi, in an ci tuwo bayan magariba, sai ta hura wutar kara a bakin bukkarta, ta binne mana gujiya a toka. Da farko mu wajen shida ne da 'ya'yan maƙwabta. Sannu a hankali iyayensu suka janye su, suka ce a can ake koyon roƙo. Har ya zama daga ni sai ita sai akuya tana tuƙa.

Ta kan ce, "Ga ta can tafe, ɗauke da kayanta."

In ce, "Ta sauke mu gani."

Wadda ta fara mini a sanyinta na ƙarshe a duniya ita ce ta 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, da suka je itace. Babbar ta ƙetare gulbi lokacin yana busasshe, tana dawowa sai ruwa ya kawo, ya same ta a tsakiya, ya kai mata wuya. Dodon ruwa ya fito ya ce ba zai cinye ta ba, amma ba zai sake ta ba sai da sharaɗi. Sharaɗin shi ne ta yi waƙa. Duk baitin da aka amsa mata daga gaɓa, ruwa zai ragu taƙi ɗaya. In ba a amsa ba, nan za ta tsaya har abada.

Sai Iya ta kifa ƙwarya a cinya, ta buga a hankali don kada babana ya ji, ta rera:

"Ruwa ya kai wuya, 'yar uwa kina ina?"

Ni ne ƙanwar. Sai in amsa: "Ina nan gaɓa, ban tafi ba."

Baiti ɗaya take ba ni kowace maraice, ta ce mai rowar gujiya ba ya samun biyu. Ruwa ya sauka ƙirji, ya sauka ƙugu. Tana da wata ɗabi'a ta masu sana'arta: ba ta taɓa shiga sabon baiti sai an mayar mata da amshi. In na shagala da ɓare gujiya, sai ta tsaya, hannunta a sama bisa ƙwarya, tana kallona, har sai na amsa.

A makarantar allo kuwa yara sun sa ni gaba. "Jikan zabiya, rangaɗa mana guɗa!" Ina jin zafin abin, ban taɓa gaya mata ba.

Ranar da ruwa ya sauka gwiwa, Iya ta rera baitinta, muryarta ta fito fiye da kullum. Na buɗe baki ke nan sai na ji ƙus-ƙus a bayan danga. 'Yan makarantarmu ne suka laɓe, suna danne dariya. Na rufe bakina.

Ta jira. Ta sake rerawa. Hannunta yana sama.

"Maigida, yarinya tana cikin ruwa fa."

Na ɗaga murya yadda na bayan danga za su ji, na ce, "Ni ba ɗan amshi ba ne. Ba maroƙi ba ne ni. Ki nemi irinki."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta sauke hannunta, ta ajiye ƙwarya, ta tono gujiyar da ta rage a toka ta zuba mini a tafi. Ta ce, "To. Ruwa ya tsaya."

Washegari na ga hayaƙin wutarta, ban je ba. Rana ta biyu ma haka. Ina cewa a raina sai yara sun manta tukuna. Ta yi ta hura wutar nan har sanyi ya wuce, tana zaune ita kaɗai. Farkon damina ta kwanta, kwana uku Allah ya karɓi abarsa.

Sai da na yi aure na haihu, dogaran nan ma an manta da su, sannan na ƙetara iyaka da rigunan sayarwa zuwa wata kasuwa ta can hayi. Na yi tambaya, aka kai ni gidan Tasalla. Na same ta a gindin bedi, ta makance, tana kaɗin auduga. Na gaishe ta.

"Ɗan wa?" in ji ta.

 Sai kawai na durƙusa na rera, da muguwar muryata, "Ruwa ya kai wuya, 'yar uwa kina ina?"

Mazari ya faɗi daga hannunta. Ba ta ko numfasa ba ta amsa: "Ina nan gaɓa, ban tahi ba."

Na yi na ƙirji, ta amsa. Na yi na ƙugu, na yi na gwiwa, ta amsa, hawaye na bin kumatunta. Sannan ta karkato kunne tana jira. 

"Ci gaba mana, yaro."

"Iyakar abin da na sani ke nan, Inna. Na zo ne ki ƙarasa mini."

Ta girgiza kai. "Ni amshi gare ni. Da wannan waƙa muke rufe wasa, amma baitin ƙarshe Gambo ba ta taɓa maimaita shi ba. Nan take take yin shi, tana duban fuskar wanda ya amsa mata. Naka daban ne da nawa. Mi ya hana ta ba ka?"

Na ce rasuwa ce ta yi mata sauri. Wannan ita ce ƙaryata ta biyu, bayan wadda na yi wa Iya cewa ni ba ɗan amshi ba ne, kuma ita ma Tasalla ta tafi ban gyara ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana koyar da zumunci ne, irin abin da ake gaya wa yara. Sai da na tsufa na gane ba labarin wata yarinya Iya ke ba ni ba. An raba ta da mijinta, da ƙanwarta, da dandali, ba abin da ya rage mata sai bakin yaro ɗaya mai faɗin kalma shida. Abin da ta roƙa ke nan a wajena, ba ci ba, ba sutura ba. Na hana ta don tsoron dariyar yaran da yau ko sunansu ba na tunawa.

Yanzu jikokina suna wajen akwatin rediyo a ƙofar gidan maƙwabci, ban ga laifinsu ba. Ni nake hura wutar kara da maraice. Na yi istigfari, na yi mata sadaka, ina fata Allah ya yafe. Wani lokaci in na tabbata ba kowa kusa, sai in juya wajen da bukkarta take a da, in ce, "Ina nan gaɓa, Iya. Ban tafi ba."

Sai in ɗan jira.