Baffa Dabo Mai Goge 'Yan Tsana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Alhamis, 12 ga Shawwal 1446, daidai da 10 ga Afrilu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanen mahaifina, Malam Dabo Muhammadu, wanda ƙauyenmu na Tsamiyar Kwari da kasuwar Zakirai suka sani da Dabo Mai Roba. Ya rasu a gidansa bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura bayan azahar.

Baffa, ni ce Furera. Ba na cikin masu rubutu, amma akwai abin da ka yi mini wanda ka hana ni faɗa kana raye. Yanzu yabo ba zai ba ka kunya ba, addu'a kuwa za ta same ka, shi ya sa na ɗauki biro.

Baƙon da ya fara ganin ka yakan yi murmushi: dattijo mai farin gemu, zaune a zaure, 'yar tsana a hannu. Tun da kamfanin robar da ka yi wa aiki a Kano ya rufe ka dawo gida, da damina kana gona, da rani kuma kana bin 'yan gwanjo kana sayen abin da ya rage a gindin dila. Kayan wasan yara ne na roba da suka ƙetaro teku, sun sha ja a ƙasa, sun yi baƙi ƙirin, wasu an zane musu fuska da biro. Abin da kowa ya ɗauka shara ne, shi kake ɗaurowa a bayan keke.

Tun ina yarinya nake tsayawa ina kallon aikin nan, kuma har na girma bai daina ba ni mamaki ba. Toka ce ka tankaɗe ta yi laushi kamar garin tuwo, da sabulun salo, da man goge baki, da tsohon burushi, da auduga naɗe a kan tsinke. Ba ka yarda fetur ko kananzir ya kusanci tabarmarka, domin ka ce suna cinye fenti. Ba ka shanya a rana, sai a inuwa. Za ka ɗauki wuni guda a kan kumatun 'yar tsana ɗaya, kana murzawa a hankali, bakinka yana motsi da salati, har baƙin zanen ya dusashe, ya ɓace, launin asali ya fito kamar yau aka ƙera ta. Ka taɓa ce mini, "Wani tabon a kan robar yake, wani kuma ya shiga cikinta. Na farko haƙuri yake so. Na biyu in kika matsa masa, fentin ne zai biyo hannunki." Ranar kasuwa ka baza su a rumfa, iyaye su saya da araha, yaron da ya tsaya kallo ya daɗe kuwa ba ya tafiya hannu wofi.

Amma akwai waɗanda ba ka kai wa kasuwa. Su ne na kan kantar da ka kafa a bangon zaure: giwa mai ɗaga hanci, da ɗan sama-jannati, da wasu ƙananan halittu masu manyan kai da ba mu san sunansu ba. Tun kana saurayi kake tara su, duk wanda ka ga ƙirarsa ta fita daban sai ka ware. Kowace Juma'a ka sauke su ka share, ka mayar da kowanne gurbinsa. Matarka, Inna Kulu, takan ce, "Malam, waɗannan ba sa ci ba sa sha, amma sun fi awaki cin lokaci." Kai dai sai ka yi dariya. Wani matashin ɗan kasuwa daga Kano, mai sayar wa masu tara irinsu a ƙasashen waje ta waya, ya yi ta zarya yana roƙon ka sayar masa. Kullum ka ba shi ruwa ya sha, ka raka shi bakin hanya, ka ce a'a.

Daga cikin irin waɗannan ka ciro ɗaya ka ba 'yata Sauda ranar da aka yaye ta. 'Yar ƙarama ce mai babban kai da shuɗiyar riga. Sauda ta sa mata suna 'Yar Baffa. Da ita take kwana, da ita take cin abinci, kunnenta na hagu kuwa ta tattaune shi har shatin haƙoranta ya zauna.

A farkon daminar bara zazzaɓi ya kama Sauda. Kafin mu kai ta asibiti Allah Ya karɓi abarsa, tana da shekara uku.

Ba mu gama share hawaye ba ruwan Agusta ya zo. Katangarmu ta faɗi, ta danne ƙafar mijina Sama'ilu ta karya, ta rushe ɗaki da rumbu, ɗan geron da ya rage ya jiƙe ya ruɓe. Duk wanda ya rayu a ƙasar nan bara ya san yadda kwanon masara ya zama. Gidaje masu rufin asiri sun koma kwaɗon rama da tafasa, ga girbi da sauran nisa. Da muke kwashe ƙasar ɗaki na tsinci 'Yar Baffa a ƙarƙashin kwanon rufi, fuskarta duk ta gurje, baƙin zane ya ratsa ta daga goshi zuwa haɓa.

Na kawo maka ita. Ka juya ta a hannunka, ka kai ta kusa da idonka da ya fara rauni, sannan babban yatsanka ya tsaya a kan kunnen.

"Wannan fa?"

Na ce, "Haƙoranta ne, Baffa."

Ka shafa kunnen. Can ka ce, "To, wannan ba tabo ba ne. Je ki, zan gyara sauran."

A makon nan ɗan kasuwar Kano ya sake zuwa, ya gan ta a inuwa tana shan iska. Ashe irinta ba su da yawa a duniya. Ya ɗauki hotonta, ya yi waya, ya dawo ya ce zai biya abin da zai riƙe gida guda har kaka, amma da sharaɗi a goge kunnen a daidaita shi, kada mai saye ya ga alamar cizo. Ka ce masa ba taka ba ce. Da yamma ka tako har gidanmu, ka zauna a kan turmi, ka gaya mini komai.

"Amana ce a hannuna," ka ce, "ba ni da ikon ɓoye miki. Abin da kika zaɓa shi za a yi."

Na dubi Sama'ilu kwance da ɗauri a ƙafa. Na dubi 'ya'yana biyu da suka rage, suna zaune kusa da murhun da ba a hura ba tun jiya. Allah Ya sani ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Goge, Baffa. Ka sayar."

Ka jawo sandarka. Ka ce, "To," ka tashi.

Kwanakin da suka biyo baya, duk sanda na shiga gaida Inna Kulu sai na tarar da kai a zaure, ka sauke duk na kan kanta ka baza a tabarma, tabarau ɗaure da zare, kana bin su ɗaya bayan ɗaya da auduga. Nakan kau da kai in wuce da sauri, don kada idona ya faɗa kan abin da ba zan iya gani ba.

Ranar Juma'a amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gidanmu, aka sauke buhunan masara da gero. Yara suka yi ta tsalle. Na surfa, na niƙa, na tuƙa tuwo, kowa ya ci ya ƙoshi, ni kuwa na ture kwanona gefe. Gani nake da haƙoran 'yata na saye shi.

Bayan la'asar ka yi sallama, ka miƙo mini wani ƙunshi a tsumman atamfa. Na kwance. 'Yar Baffa ce. Fuskarta fes, babu ko ɗigon baƙi, kumatun sun dawo da jansu, idanun suna ƙyalli kamar ranar da ka fara ba Sauda ita. Kunnen hagu kuwa yana nan yadda ta bar shi, kowane haƙori da gurbinsa.

Na ce, "Ya fasa saye ne?"

"A'a, ya saya. Abin da ya daɗe yana nema ya samu."

Ko mayafi ban gyara ba na nufi gidanka. Kanta wayam. Babu giwa, babu ɗan sama-jannati, babu kowa, sai shatin inda kowanne ya zauna shekara da shekaru. Abin da ka tara tun kafin a haife ni, ka goge shi tas, ka ɗora a mota, ka karɓi hatsi. Na durƙusa a nan ina kuka, na ce don me. Ka shigo a bayana, ka jingina sandarka.

"Ni na gama kallon nawa, Furera. Ke ba ki gama kallon taki ba." Sannan ka ce, "Kada in ji maganar nan a gari."

Na san masu kyauta, Baffa, amma yawanci daga abin da ya yi saura suke bayarwa. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki abu ɗaya tak da ransa yake so a duniya ya miƙa, fuskarsa ba ta ko sauya ba, sai kai. Washegari ka koma gona kamar ba a yi komai ba. Ba ka sake ɗora ko ɗaya a kan kantar nan ba, har Inna Kulu ta mayar da ita wurin kife ƙore.

Sai ranar zaman makoki na san ba gidanmu kaɗai amalanken ya tsaya ba. Muna zaune a ɗakin Inna Kulu, Fadima matar marigayi ladan ta ce ita ma an sauke mata buhu a ranar, an kuma ce ta yi shiru. Wata tsohuwa daga bayan rafi ta ce ita ma haka. Muka yi ta duban juna. Kowace ta riƙe sirrinka wata da watanni, tana zaton ita kaɗai ka yi wa. Inna Kulu ta share ido ta ce, "Mu ma rabin buhu ya bar mana, ya ce mu biyu ne, ya isa."

Ya Allah, ga bawanKa Dabo ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka wanke shi daga kurakurai kamar yadda ake wanke farin tufa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna kamar yadda ya ciyar da mu a shekarar yunwa, Ka sada shi da iyayensa da jikarsa Sauda a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kulu, da 'ya'yansa Khalilu da Usaini da Huseina, da jikoki, da abokan zamansa na kasuwar Zakirai, da yaran Tsamiyar Kwari da har yau suke leƙa zauren in sun taso daga makaranta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya albarkaci bayansa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Furera Sama'ilu,
Tsamiyar Kwari, ta Zakirai.