Farar Rigar da Ban Ƙarasa Ba

Akwai wata farar riga rataye a bayan ƙofar shagona, hannunta ɗaya ne. Duk wanda ya tambaye ni ta wane ne, sai in ce mai ita ya yi tafiya. Ba ƙarya na yi ba, amma na gaji da riƙe sauran maganar.

Ni tela ne, a wani ƙauye tsakanin Wurno da Lahodu. Mai rigar kuwa malamin asibiti ne, mutumin ƙasar Zuru, Kirista. Dakta muke ce masa. An kawo shi ɗan asibitinmu tun ina koyon taka keken ɗinki, ya yi ritaya a nan, ya sayi 'yar gona yana noman albasa kamar kowa. Da matarsa ta rasu, ya ɗauke ta ya kai ta Zuru ya binne, ya dawo. 'Yarsa guda ɗaya ta koma can tana koyarwa. Shi ko ya ƙi tafiya, wai wa zai bar wa masu hawan jininsa.

Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai kan addininsa irin wannan bawan Allah ba, kuma ni jikan limamai ne, na san masu taurin kai. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya rufe ido ya yi addu'a kafin ya kurɓa. Ranar Lahadi ba ya taɓa fartanya. Akwai shekarar da rabon ruwan ban-ruwa ya faɗo masa ranar Lahadi, albasarsa na yaushi, ya hau babur ya tafi wurin ibadarsu a Wurno. Ni na je na buɗe masa ruwan ina zaginsa a raina. Da ya dawo ya gani, bai gode mini ba. Cewa ya yi wani karon in fara tuntuɓarsa.

Kullum da la'asar yakan zo ya zauna kan bencin shagona da rediyonsa, mu yi ta gardamar siyasa. Lokacin da aka kawo shari'ar Musulunci aka rufe gidajen giya ya fi liman murna, amma ya ce kada kowa ya kuskura ya kai shi gaban alƙali, shi da gwamnati sai kotun kowa da kowa. Da 'yan siyasa suka zo da sabulu da atamfa, ni na karɓa, ba zan ɓoye ba. Shi ya tsaya bakin ƙofarsa ya ce su wuce.

"Ƙuri'a amana ta," in ji shi. "Wanda yas saida ta da sabulu, sabulun ba shi wanke shi gaban Allah."

Na ce masa ai sabulun da kuɗinmu aka saya, na karɓi kayana ne. Ya kalle ni kamar na yi tusa a masallaci.

An taɓa tsayar da wani Kirista takarar babbar kujera, muka ce to Dakta ya samu nasa. Ya ce ba zai zaɓe shi ba, ya ji labari mutumin ya watsar da matarsa ta aure, kuma wanda ya kasa riƙon alkawari ɗaya a gidansa ba zai riƙe na ƙasa ba. Sai ya zaɓi abokin takarar mutumin, Musulmi. Wannan maganar aure ce ta taɓa raba mu. Da na saki matata ta fari, wata guda cur bai zauna kan bencina ba. Yakan wuce ya yi mini sallama daga nesa kamar mai bin hanya. Na ji haushi ƙwarai, na aika masa cewa addinina ya halatta mini. Ya aiko cewa ya sani, shi ma nasa ya halatta masa fushi.

Mace ɗaya har kabari, haka yake faɗa. Kuma da gaske yake nufin kabarin.

Wata rana, bayan ciwon ƙirji ya fara kama shi, ya zo da farin yadi a leda ya ajiye mini kan keke.

"Tela, ɗinka mani doguwar riga. Wadda za a sa mani in na cika."

Na ce, "Mi kaka faɗi haka? Kai da ka fi ni ƙarfi?"

"Saurara dai. Ku akwai ku da gaggawa. Mutum shi cika da hantsi, kahin shayinai shi huce kun rufe shi. Mu ba haka muka yi ba. Ana jiran dangi, a ga huskar mutum, a yi mai waƙa, a yi addu'a. Ba ni son a naɗe ni kamar ƙunshin goro. Ka kira ɗiyata, ku jira ta. Ta sa mani wagga riga, ta kai ni Zuru kusa ga uwatta. Ka jiya?"

Na ce na ji. Ya ce in ce to. Na ce to.

Ya yi dariya ya ce, "Ga ɗinki kai maƙaryaci na, kowa ya sani. Amma ga babbar magana na yarda da kai."

Na auna shi, na yanka yadin a ranar. Washegari na haɗa jikin rigar, na sa hannun dama. Daga nan na dakata. A wurinmu ba a ɗinka wa mai rai tufafin mutuwa yana yawo da ƙafarsa. Duk lokacin da na ɗauko ta sai in ji kamar ni nake kiran masa ajali. Sai na rataye ta bayan ƙofa. In ya tambaya in ce gobe. Ai ba a raba tela da gobe, kuma shi ma ya saba. Wata bakwai ina ce masa gobe.

Ya rasu da bazara, a makon bikinsu na Ista. 'Yan'uwansa Kiristoci ma'aikata da ke Wurno duk sun tafi garuruwansu hutu, shi ciwo ya hana shi. Wata mata da ta je awon jini da hantsi ita ta same shi kan kujera, rediyo na ta magana. Ni aka fara kira. Na rufe masa ido, muka kwantar da shi kan tabarma, na fita waje na kira 'yarsa. Na faɗa mata. Sannan ta ce, "Baba, ku jira ni. Zan nemi fasto da mota da akwati. Ga ni nan tafe."

Na ce to.

Wanda bai san bazarar ƙasarmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Ɗakin Dakta rufin kwano ne. Kafin azahar ba ka iya tsayuwa ciki. Muka jiƙa buhuna muka rataya a taga, mata suka yi ta kawo ruwa. Gari duka ya taru a ƙofar gidan, don babu gidan da bai taɓa shiga da jakarsa ba. Mutane na zaune, suna kallon ƙofa, suna kallona. A wurinmu barin gawa kwance wulaƙanci ne. Wanda ake ƙauna shi ake gaggauta wa. Na faɗa musu abin da ya ce, dattawa suka gyaɗa kai, amma na ga ba su natsu ba.

Bayan azahar liman ya ja ni gefe, shi da mai gari. Liman ƙanen mahaifina ne.

Ya ce, "Ɗana, ba mu yi mai salla, wannan tsakaninai da Ubangijinai na. Amma suturta shi hakki na bisa wuyanmu. Zuru nesa ta, kuma ka san yadda hanya take yanzu. In ba ta iso ba yau hwa?"

Na ce, "Baba, na yi mai alkawari."

Na sake kiran yarinyar, waya ba ta shiga. Na kira har sau nawa, ban sani ba. Da abin ya tsaya nan, ina jin da na jure. Sai ga wani mai sayen albasa daga Giyawa, wanda Dakta ya taɓa yi wa ɗansa magani, ya sauka daga babur ya ji cewa tun hantsi gawar na ɗaki. Ya ɗaga murya a gaban jama'a.

"Ashe haka kuke? Don ba Musulmi na ba kunka yasshe shi cikin zahi kamar mushe? Da ɗan garinku na, da yanzu an daɗe da dawowa."

Ni mutum ne mai saurin fushi, wannan halin ya ci mini abubuwa da yawa. Maganar ta shige ni kamar allura. A ce mu, mu muka wulaƙanta Dakta? A kai labari Giyawa da Goronyo cewa garinmu ya bar baƙonsa ya lalace don addininsa? Na miƙe tsaye. Ni da bakina na ce a kawo likkafani, mafi kyau, daga shagona. Ni na ce a haƙa. Babu wanda ya tilasta ni, ina so a rubuta wannan.

Da na shiga shago ɗauko likkafanin na ga rigar bayan ƙofa. Na tsaya. Hannun hagu na nan a yanke cikin aljihun keke, aikin da bai fi ɗan lokaci ba. Amma ana jirana a waje, kuma wa zai sa wa gawa riga mai hannu ɗaya a gaban mutane? Na ja ƙofar na fita.

Muka yi masa duk abin da muke yi wa namu, ban da salla. Muka wanke shi, muka naɗe shi, muka ɗauke shi a makara, mutane na rige-rigen sa kafaɗa. A gefen gonarsa muka haƙa, ƙarƙashin wata darbejiya. Ban taɓa ganin taron jana'iza irin wannan a garinmu ba, kuma ban taɓa ganin mai shiru irinsa ba. Mun isa bakin kabari babu wanda ya san abin da zai ce. Namu ba a yi masa, nasu ba mu iya ba. Mutumin da ko ruwa ba ya sha sai da addu'a, haka muka sa shi ƙasa ba kalma ɗaya. Ana jin ƙarar ƙasa tana zuba, da jakin wani can nesa.

Mun dawo, mun wanke hannu, har mutane sun fara cewa an kyauta. Ni ma a lokacin na ji kamar an kyauta. Rana ba ta faɗi ba tukuna sai ga wata mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo gari a hankali, akwati ɗaure da igiya a bayanta.

Yarinyar ta sauko, kanta a ɗaure da ɗankwali, fasto na biye. A hannuna aka haife ta kusan, ni na ɗinka mata kayan makaranta na farko. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba.

"Baba, ina yake?"

Liman ne ya faɗa mata, da tausasawa, yana bayyana mata zafi da hanya da yadda gari duka ya raka shi. Ba ta yi kururuwa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce a kai ta. Ita da faston suka tsaya kan ɗanyar ƙasa suka yi waƙarsu, murya biyu kawai, mu muna tsaye nesa kamar ɓarayi. Faston ya tambaya a hankali ko za a iya tono shi. Na ga fuskokin dattawa sun canza. Ita ma ta gani. Ta ce a'a, a bar shi, ya sha wahala ya isa.

Da za su tafi ta tambaye ni rigar, ashe ya gaya mata. Na kai ta shago na nuna mata. Ta riƙe hannun guda ɗaya, ta shafa wurin da ɗayan ya kamata ya kasance. Ta mayar da ita kan ƙusa da kanta.

"A hanya direba ya ce mu yi sauri, Musulmi ba sa jira," in ji ta. "Na ce masa ya tafi a hankali, kada akwatin ya fashe. Na ce Baba Tela ya ce to."

Motar ta juya da akwatin yadda ta zo da shi. Ina tsaye har ta ɓace wajen hanyar Achida.

Yau shekaru ke nan. Kowace damina nakan je in cire ciyawar da ke kan kabarin, in tsaya ban san abin da zan ce ba, kamar ranar farko. Matarsa na can Zuru da fili a gefenta, shi yana nan gefen albasa, naɗe kamar ƙunshin goro. Yarinyar takan kira ni da salla ta yi mini barka, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Wani lokaci da la'asar, in iska ta turo ƙofar shago, rigar takan motsa, sai in ɗaga kai daga keke in duba benci. Hannun hagun yana nan cikin aljihun keke. Na sha ɗauko shi in sa zare a allura, sai in tuna babu wanda zan kai wa.